Kabar da Aka Tsinta a Cikin Kwamfuta

A Haɗeja in ka ce Mala Shu'ibu, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Shu'ibu Mai Laya, kowa ya gane: tsohon nan mai gyaran rediyo a bayan 'yan kifi, wanda ba ya cire malafa ko a cikin rumfa. Kakana ne, shi ya haifi babata. Shekara arba'in da wani abu ana kiransa da sunan nan, alhali bai taɓa rubuta wa kowa laya ba, bai ma iya ba. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, kuma sai yanzu hujjar da ya nema tun ba a haifi uwata ba ta faɗo hannuna. Ni Zaituna, gyaran kwamfuta nake yi, shi ya sa da na ga abin na gane shi. Ga yadda aka yi.

Gidansu masunta ne, asalinsu Barebari, amma abin da aka fi sanin su da shi shi ne ɗinkin koma da taru. Suna da wata al'ada. In ka bi ta gefen komar wani da ya shanya ka ga ta ɓule, ba ka ɗaga murya, ba ka kai zancen majalisa. Sai ka yagi ɗan silin kaba ka ƙulla a daidai wurin, ka yi gaba. Mai koma in ya zo zai gani, ya ɗinke abinsa, ba wanda ya ji. Ku riƙe wannan, don shi ya ci kakana.

Shi kaɗai aka sa boko a gidan, shekara ɗaya kafin a sami mulkin kai ma ya riga ya iya haɗa baƙi. Da ya gama firamare sai wani ofishin auna ruwa ya ɗauke shi. Aikin ba wani babba ba ne: akwai wani dogon ƙarfe mai zane-zane da aka kafa a cikin kogi, kullum safe da yamma ya je ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta. Shekara tara yana wannan, da damina ruwa har ƙirji, da shekarun farin nan da kogin ya koma kamar kwata. Kuma bai taɓa rubuta lamba ba tare da rana da lokaci a gefenta ba. Har ya tsufa yana cewa lambar da ba ta da lokaci marainiya ce.

Yana da amini, Hamman, Bafulatani daga wajen Birniwa. Tun aji ɗaya suke tare. Kun dai san Fulani da Barebari, ba a haɗuwa sai an taɓa juna. Hamman ya ce masa bawana, shi ya ce masa Ɗan Fillo mai bin jelar saniya. Hamman ya wuce makarantar koyon sana'a a Kano, ya dawo ofishin nan a matsayin mai kula da na'urori. Shekara biyu yana kwana a zauren kakana, kakata Mairam tana zuba musu a kwano ɗaya. Da aka haifi ɗan fari, sunan Hamman aka raɗa masa. Kawuna ke nan, yana nan da ransa yana amsa sunan.

A 1975 kuɗin mai ya zo, gwamnati tana sayen duk abin da aka nuna mata a takarda. Sai ga kwamfuta a babbar mota, wai za ta riƙa lissafin ambaliya, ta faɗi fadamar da ruwa zai kwanta da wadda za a iya shuka alkama. Ku manta da wadda kuka sani. Wannan girmanta kamar kabad biyu, ba ta da gilashin kallo. A gabanta akwai jerin ƙananan fitilu goma sha shida da makunnai a ƙarƙashinsu, a gefe kuma wata tafireta mai huda doguwar takarda. An ware mata ɗaki, an sa mata janareto da iyakwandishan, abin da shugaban ofishin ma, Injiniya Adamu, ba shi da shi.

Aka zaɓi mutum biyu su riƙa ba ta lambobi. Wani Isa da safe, kakana daga sha biyu zuwa yamma. Bayan injin kuwa, inda kayan cikinta suke, Hamman kaɗai ke da izinin buɗewa. Duk Litinin ya gwada ta ya sa hannu a takarda cewa lafiyarta lau.

Wata biyar ba matsala. Da bazara ta shigo sai ta fara faɗuwa. Ana cikin aiki fitilun su daskare, tafireta ta yi shiru, aikin yini guda ya tafi. Wanda kwamfutarsa ta taɓa yi masa shuɗin fuska, gilashi ya koma shuɗi komai ya tsaya, ya san ciwon. A cikin kowace kwamfuta akwai wata uwar manhaja da ake ce wa kanel, ita ke riƙe da komai, kuma a cikin memori, wato ma'ajiyar tunanin injin, take zaune. In wata ƙaramar manhaja ta yi kuskure, kanel ta kore ta a ci gaba. In kanel ɗin ce ta faɗi, to komai ya faɗi. Abin da ke faruwa ke nan, yau sau ɗaya, gobe sau uku.

Kuma ko sau ɗaya ba ta faɗi a hannun Isa ba. Kullum sai kakana ya zauna.

Injiniya Adamu ba mugu ba ne, amma mutum ne da Kano ke matsa masa da waya, rahoton ambaliya ya makara, damina tana tafe. Ya kira kakana ya ce ko dai yana buga lambobi a karkace ne, ko yana yaga takardar, ko kuma aikin ya fi ƙarfin mai firamare. Ya ce in abin ya ci gaba, to za a nemo wani. Maganar ta zaga ofis. Masinjoji ma suka fara cewa hannun masunci akwai ƙarni, injin Turawa ba ya so.

Kakana bai yi musu ba. Ya sayi littafin rubutu mai jan bango ya yi abin da ya saba yi wa kogi. Duk sanda ta faɗi, kafin ya kashe ta ya sake kunnawa, sai ya kwafe fitilun nan goma sha shida, wacce ke ci wacce ta mutu, ya rubuta rana da lokaci da aikin da ake yi. Fitilun kuwa suna nuna adireshin inda kanel take a memori sanda ta faɗi, in ka danna wani makunni kuma su nuna maka abin da ke ajiye a wurin.

Sati uku ya tara faɗuwa ashirin da bakwai. Da ya jera su sai ya ga aikin ba ɗaya ba ne, wani lokaci lissafin fadamar Miga, wani lokaci na gabas, sau biyu ma hannunsa ba ya kan tafireta, yana alwala. Ke nan ba lambobinsa ba ne. Amma lokacin ɗaya ne, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, sanda rana ta fi dukan kwanon rufi, iyakwandishan yana ta nishi ba sanyi. Adireshin kuma kullum a unguwa ɗaya yake faɗowa. Sai fitila ta shida daga dama: duk inda ya kamata ta ci, a mace take.

Ranar wata Asabar ya zo da sassafe ya gwada da hannunsa. Ya ɗaga makunnan duka goma sha shida, ya ajiye su a adireshin, ya sake karantowa. Fitilu goma sha shida suka kama. Ya jira har bayan azahar ya sake. Goma sha biyar. Ta shidan ta ƙi. Ya yi sau goma, sau bakwai ta ƙi. Memorin ce ke mantuwa in ta ji zafi, kuma a daidai inda kanel take kwance. Isa ya tsira ne kawai don aikinsa na sanyin safiya ne. Gwajin Hamman na ranar Litinin ma ƙarfe bakwai na safe yake yin sa, shi ya sa kullum yake fitowa lafiya.

Mutumin da bai taɓa shiga sakandare ba ke nan fa. Ni da nake da intanet a tafin hannu, na taɓa shafe sati ina sake loda manhaja a wata kwamfuta kafin ya faɗo mini in zare memorin in gwada.

A satin Hamman ya tafi Kano ganawa, ana tantance waɗanda za a tura Ingila kwas na shekara biyu. Kamar yadda ya saba in zai yi tafiya, ya bar wa kakana makullansa. Kakana ya buɗe bayan injin. Hamman ya taɓa nuna masa allunan memorin guda huɗu da adireshin da kowanne ke riƙewa, don haka ya san na uku ne. Ya sha ba mu labarin abin da ya gani: wasu 'yan mitsi-mitsin zobba kamar tsakiyar ado, dubbai, an zura su a waya mai sirin gashi, tsaye da kwance. Ya ce wallahi koma ce, koma sak, sai dai wadda ta saƙa ta ta fi babansa haƙuri. Bai zare allon ba, bai taɓa komai ba. Ya yagi sili ɗaya daga bakin malafarsa, ya ƙulla a hannun allo na uku, ya rufe.

Kakata ta ce da ya dawo gida ya ba ta labari, ta ce masa ya ɗauki littafin ya kai wa Injiniya gobe da safe, tunda shi ake shirin kora. Ya ce mata ba a kai ɓulin koma gaban sarki. Ya ce Hamman ya yi wata biyu yana sa hannu cewa injin lafiya, in maganar ta fito ta sama, Ingila ta tafi. Akwai sabon allo a sito. Hamman zai canza, ya je da kansa ya ce ya gano matsalar, kowa ya huta.

Ranar da Hamman ya dawo, suna cin ɗanwake a gindin tsamiyar ofis, kakana ya miƙa masa makullai da littafin.

"Ɗan Fillo, komarka ta ɓule. Na ƙulla maka kaba a wurin."

Hamman ya buɗe littafin yana taunawa. Kakana ya ce ya daɗe a shafi ɗaya, har cokalinsa ya tsaya. Sannan ya yi dariya.

"Bawana, yaushe tarwaɗa ta fara koyar da lissafi?"

"Tun ranar da saniya ta fara gwada inji kafin rana ta fito. Ka gwada bayan azahar ka gani."

"To bar mini littafin in duba a natse."

Ya naɗe shi ya sa a aljihun rigarsa. Kakana bai sake ganin littafin nan ba har ya koma ga Allah.

Kwana uku shiru, injin na ta faɗuwa. In ya tambaya, Hamman ya ce yana kan dubawa, kada ya damu. Ranar Juma'a Injiniya Adamu ya kira kakana ya ce an kawo shawara mai adalci. Zai zauna a gida sati biyu, Isa ya haɗa safe da rana. In injin ya ci gaba da faɗuwa, to ba shi ba ne, za a ba shi haƙuri. In ya daina, magana ta ƙare. Bai faɗi wanda ya kawo shawarar ba, kakana kuma bai tambaya ba. Murna ma ya yi. Kakata ta ce har kifi ya sayo a hanya, yana cewa rana ce za ta yi masa shaida, ga watan Mayu, zafi bai ma kai ƙarshe ba.

Sati biyu cif, injin bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Ranar da ya koma, aka shigar da shi ofishin Injiniya. Isa na zaune, Hamman na tsaye jikin taga. A kan teburin, bisa farar takarda, ga silin kabar nan da ƙullinta ba a kwance ba, an yanke ta da reza. Injiniya ya ce an tsince ta a cikin injin, inda ba a yarda kowa ya sa hannu ba sai mutum ɗaya. Ya tambaye shi ko ya san ta.

"Ni na ƙulla, ranka ya daɗe."

"Don me?"

Kakana ya juya ya dubi amininsa. Har a nan yana ba shi dama ne ya faɗa da bakinsa.

"Hamman ya san dalili."

Hamman bai daina kallon waje ba. Ya ce, "Ni ban san asiran masunta ba, Injiniya. Na dai cire, kuma tun da na cire ba ta sake faɗuwa ba."

A nan ne kakana ya buɗe baki ya faɗi komai, zafi, fitila ta shida, allo na uku, sabon allon da ke sito. Injiniya ya ce ina littafin. Hamman ya ce bai ga wani littafi ba. Aka je aka buɗe injin bayan azahar, aka ɗaga makunnai goma sha shida, fitilu goma sha shida suka kama. Aka duba sito, ga allo a kwalinsa a kan kanta. Su duka iri ɗaya ne, ba wanda ya yi tunanin ɗauko na kwalin ya sa a injin ya jira zafi. Injiniya ya ce shi bai yarda da tsafi ba, amma mutum ya amsa da bakinsa ya buɗe abin da aka hana shi, ya sa wani abu a ciki, kuma da ya tafi an sami lafiya. Me kuma ake nema?

Aka sallame shi a ranar. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa Shu'ibu ya sa wa injin gwamnati laya don kada a san sirrin kogi. Wasu har yaba masa suke yi. Ya ce wannan ya fi yi masa ciwo.

Washegari ya je ƙofar Hamman, aka ce ya tafi Ikko neman fasfo. Bayan wata biyu ya hau jirgi.

Kakana ya so ya koma sana'ar su, amma an gina madatsar ruwa a can saman kogin, ambaliyar ba ta kai inda take kaiwa da, masuntan ma suna neman abin yi. Sai ya sayi dalmar liƙi da sukundireba ya zauna bayan 'yan kifi. Rediyo, kaset, daga baya talabijin. Ya rubuta wa ofishin takarda sau huɗu yana roƙon a gwada allon da ke cikin kwali, ba a amsa ko ɗaya ba. Bayan 'yan shekaru injin ma aka fitar da shi aka jibge a bayan ofis, awaki na hawa. Hamman ya dawo da takardar Ingila, ya yi ta hawa har ya yi ritaya da mota da direba. In sun haɗu a masallacin Juma'a su gaisa, lafiya lau, ina gida. Ba bawana, ba Ɗan Fillo. Kakata ta so a canza wa kawu suna, ya ce yaron bai yi laifin komai ba.

Ina da shekara sha shida na fara kwance kwamfutocin mutane a kan tabarmarsa. Wata rana wata kwamfuta ta ishe ni da shuɗin fuska, ina ta zagin ta. Idonsa ya riga ya fara mutuwa a lokacin. Daga inda yake zaune ya ce, "Amarya, ƙarfe nawa take faɗuwa?" Na ce ban duba ba. Ya ce in je in duba tukuna, sannan in zo mu yi zagin tare. Ranar ya fara ba ni labarin nan. Gaskiya ban yarda da shi duka ba. Na ɗauka tsufa ne da ɗacin rai. Wannan ni ma ina da nawa alhakin.

Ranar sadakar arba'in sai ga Alhaji Hamman, ana riƙe da shi, da sanda. Ya yi addu'a mai tsawo a zauren da ya taɓa kwana shekara biyu. Ya ce yana son ganin Mairam. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ciro wani abu a leda ya ajiye a gabanta, ya ce ajiyar marigayi ce, kuma yana roƙon ta yafe masa.

"Alhaji, ni tuwo kawai na ba ka, na kuwa yafe tuwon. Wanda ka ci amanarsa yana maƙabarta, ka san hanya."

Ta koma ciki da ledar, ta miƙo mini ta ce in karanta mata.

Littafin nan ne, jan bangon ya koɗe. Faɗuwa ashirin da bakwai, kowacce da ranarta da lokacinta, fitilu an zana su da ɗigo da zobe, na shida an ja masa layi. Gwajin Asabar ɗin yana nan, safe goma cikin goma, bayan azahar uku cikin goma. Ko yau aka kawo mini wannan, ba zan sake tambayar komai ba, memori zan zare.

A shafi na ƙarshe rubutun ya canza, ya koma na biro shuɗi mai kwanciya. Litinin, goma ga Mayu, 1976, ƙarfe shida da rabi na safe. An canza allo na uku, tsohon an mayar kwali. Ranar farko ta zaman gidan kakana ke nan. Hamman ya sa hannu a ƙasa, don shi ma ma'aikaci ne, bai iya yin aiki bai rubuta ba. Shekara arba'in da wani abu takardar nan tana cikin durowarsa, a gari ɗaya, tafiyar minti goma a Keke Napep daga rumfar rediyo.

Na karanta wa kakata sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da ma ita ba ta taɓa neman takarda ba, in kai wa masu nema.

Injiniya Adamu ya daɗe da rasuwa, Isa ma haka, ofishin an canza masa suna sau nawa. Ba sauran wanda zan kai wa sai ku. Jiya wani ya shigo da kwamfutarsa a hammata yana tambaya ko nan ne shagon jikar Mai Laya. Na ce ya ajiye ta ya zauna. Na ɗauko littafin na buɗe masa tun daga shafin farko, sai da ya kai ga shuɗin biron sannan na tambaye shi abin da ke damun tasa. Ya ce faɗuwa take yi. Na ce sunan mai littafin Mala Shu'ibu, ya maimaita in ji. Ya maimaita. Sannan na tambaye shi ƙarfe nawa take faɗuwa.